Kwaɗo Uku a Ƙofa

Kwaɗo uku gare ni a ƙofar shago,
ɗaya na gada wurin baba, biyu na saya a Kasuwar Dole.
Kyari mai gadi yana kwana kan benci da gora,
ko ɓera ya gifta sai ya yi gyaran murya.
Shekara goma sha tara ina dukanci a Zango,
ko basilla ba a taɓa ɗauke mini ba.

Ɗan ƙanwata Mutari ya ce, Kawu, kasuwa ta koma waya.
Ya jera jakunkuna kan dakali, jar fata da baƙa,
ya ɗauki hoto, ya watsa.
Sai ga ciniki daga Yamai, daga Agadas, har Kano,
kuɗi na shigowa ba ƙura, ba ƙirga,
ƙaramar ƙara kawai cikin aljihu, kamar kukan tsako.

Ran Alhamis, bayan la'asar,
hannuna duk rini, waya ta yi kira.
Murya mai ladabi, ta san sunana, ta san na mahaifina.
Ta gaishe ni da aiki, ta tambayi iyali,
ta ce daga kamfani ne, za a rufe asusu kafin magariba
in ban karanto lambobin da suka shigo yanzu ba.
Lamba shida.
Na karanta su a natse, kamar mai ba da karatu.
Har na gode.

Jika ɗari uku da arba'in.
Kuɗin fatun majema, ladan yara biyu masu ɗinki,
da na kwanon rufi da nake tarawa tun bara.
Kwaɗona uku suna rataye lafiya lau.
Kyari bai ji komai ba, kuma ba laifinsa.

Abin da ya fi ciwo ya zo da safe:
ɓarawo ya sa fuskata, ya ari bakina,
ya bi masu sayayya ɗaya ɗaya yana karɓar kafin alƙalami.
Hajiya Magaram ta aiko daga Birni,
wai ina takalman da ta biya jiya?
Suna fata ce da ba a jeme ta sau biyu.

A komisariya aka ce, kwatanta shi.
Dogo ne? Baƙi ne? Ta wace ƙofa ya shiga?
Na ce ta kunnena.

Bayan wata guda Barira ta zo da jakar takardu,
'yar makwabcinmu da ke aikin inshora, asirans inji 'yan boko.
Na ce, na san ta gobara, na san ta mota.
Ta ce, akwai ta ɓarawon da ba shi da sawu.
Kamar adashi ne, Baba, sai dai kwasar
ta wanda tsautsayi ya faɗa wa ce.
Na ce, to ku biya ni na baya.
Ta yi dariya kaɗan: ba a ɗaura wa rijiya murfi
don akuyar da ta riga ta faɗa.

Sharuɗɗanta sun fi kuɗinta nauyi.
A sake lambar sirri, kada ta zama shekarar haihuwa.
A yi wa waya ƙofa biyu.
A rubuta ciniki a littafi, a ajiye shaida.
Akwai kuma ƙananan layuka can ƙasa
inda suka faɗi abin da ba za su biya ba.
Na ari tabarau, na sa Mutari ya fassara sau uku,
kwana biyar ban sa hannu ba.

Na sa ran Talata.
Ba don tana hana sata ba.
Don yaran nan biyu su sami ladansu ko da an sake.

Jiya muryar ta dawo, da ladabinta,
ta tambayi iyali.
Na ce suna lafiya.
Na kife wayar kan fatar akuya,
na ci gaba da huda.