Ƙararrawa a Tafin Hannu

A can gida garma ce ƙararrawarmu,
tsohuwar garma rataye a reshen gawo.
Shekara talatin da ɗaya ina dukanta
kowace Lahadi, tun zakara bai gama surutu ba,
har mutanen bayan dutse su sauko da kujeru a ka.

Ranar da muka gudu ban ɗauko ta ba.
Na ɗauko jika, na ɗauko Littafi,
na ɗauko takalmi ƙafa ɗaya.

Yanzu ga ni a Minawawo,
ikilisiya ta watse kamar gero a hannun yaro.
Masi na Garwa tana wankau,
Fasto Deli na Yola da ciwon suga,
mawaƙa uku a Marwa, ɗaya a Njamena,
sauran, Ubangiji ne Ya san masaukinsu.

Kwarumba, jikar nan da na saɓo a kafaɗa,
ita ta tara mu cikin waya.
Ta ce, Kaka, ga coci.
Na ce, cocin ne da fasasshen gilashi,
har ana ɗaure shi da roba kada batir ya faɗi?
Ta ce, ai wancan ma rufinsa yoyo yake.

Asabar nakan kai ta shagon mai sola,
sefa ɗari, ta sha wuta ta ƙoshi.
Lahadi da asuba mu hau tudun bayan famfo
inda sabis ke zuwa kamar suruki,
ya leƙo, ya sunkuyar da kai, ya koma.
Na samo wata fartanya marar ƙota.
Kwarumba ta danne da babban yatsa,
ni in buga, ɗaya, biyu, har bakwai.
Ta saki. Shi ke nan, wai ta tafi.

Kafin mu sauko amin ta fara zuba.
Masi ta turo waƙa, ana jin ruwan wanki a bayanta.
Fasto ya yi wa'azi minti huɗu,
shi da a da tuwo kan huce bai kai aya ta biyu ba.
Tsadar kati ta koya masa abin da ya gagari dattawa.
A nan muke suna, a nan muke ta'aziyya,
a nan mata biyu suka yi faɗa kan kuɗin zumunta
suka shirya, ba wadda ta ga fuskar wata.

Sai dai akwai lamba ɗaya.
Zra, ƙanena. Mun rabu a bakin rafi,
ya ce bari ya koma ya kwance awaki.
Nakan sa a tura masa tasa daban.
Ta kowa alama biyu take nunawa,
tasa ɗaya tak, ruwan toka,
shekara da shekaru,
kamar takalmin nan da ke ƙarƙashin tabarmata.
Kwarumba ta ce a goge. Na ce goge ni tukuna.

Lahadin da ta wuce alamar ta zama biyu.
Ta yi shuɗi.
Gwiwa ta ƙi ni, na zauna kan dutse.
Sai ga murya, ba tasa ba:

Salamu alaikum. Njidda ne, tela a Mubi.
Layin nan sabo na saye shi.
Ban san mai shi na da ba, Allah Ya bayyana muku shi.
Amma ƙarfen nan da kuka buga,
tsohuwata ta ji, ta ajiye carbi,
ta ce irin na maƙwabtansu ne kafin gari ya tashi.
In ba takura, ku riƙa turowa.

Ban ci abinci ba ran nan.
Kashegari na ci.

Yau Asabar, waya na wurin mai sola.
Na goge fartanya da toka.
Gobe bakwai na ikilisiya ne, kamar kullum.
Zan ƙara na takwas.
Kwarumba za ta tambaye ni na wane ne,
ni ma ina ta tambaya tun jiya.