Dara Ta Ci Gida

A bayan tashar Kejetiya, inda kwata ta rabu biyu,
nan shagon Lazar yake, Bayahude mai gyaran agogo.
Ni ne yaronsa. Sule uku a wata da abincin rana.
Ina tsinto masa kusoshin da ba su kai ƙwayar gero ba,
shi kuma yana koyon Hausa a bakina, yana karya mata ƙafa.

Da la'asar, in ciniki ya yi sanyi,
mukan haƙa gurbi talatin a ƙofar shago.
Ni tsinke, shi tsakuwa.
Akwatin rediyo na rataye a rumfar Kwaku Dua mai katako,
yana zubo labarin yaƙi har cikin huhunan goro.

"Ɗantani, duba," in ji shi,
"mai guntun gashin bakin nan ɗan dara ne mai gaggawa.
Ya ci maƙwabci kafin maƙwabci ya ɗaure takalmi,
ƙarfe a ƙasa, ƙarfe a sama, kamar fara ta sauka a gona.
Ya ci yamma cikin makonni, ya lashe baki.
Ya rantse wa na gabas da zaman lafiya,
sannan ya bi shi da wuƙa cikin dare.
To ga 'ya'yansa nan, ya jera su,
ya jera su,
har hannunsa ba ya kaiwa ƙarshen layi."
Sai ya ture tsakuwa ɗaya da farce.
"Sanyi zai ci wannan.
Wannan kuma an hana shi ja da baya ko taku ɗaya,
girman kai zai ci shi."

Duk ranar da jirgin ƙasa ya iso daga Takoradi
sai ya sa kwat cikin zafin nan, ya tafi gidan waya.
Ya dawo hannu rabbana, ya ce mini, "Miƙo tabarau."

Ran da aka ce mutumin ya shige rami kamar gafiya
bai sake fitowa ba,
Kumasi ta ɗauka. Ƙararrawar coci, tamburan Tonawa,
matan Zango na guɗa, ko da yake yayana Gambo
yana can dajin Bama, ba a san ranar zuwansa ba.
Na shigo da gudu, na ce, "Maigida, dara ta ci gida!"
Bai ɗago daga agogon da ke hannunsa ba.
Ya ce, "Nawa ta fara ci."

Takardar ta zo bayan an gama cin sabuwar doya.
Shafi ɗaya, da tambarin ja.
Ashe jiragen da sojansa ke jira su kawo takalman sanyi
mutane suke ɗauka, a tsaye, ƙofa a kulle ta waje,
zuwa inda hayaƙi ba ya yankewa.

Ya kwashe tsakuwar dararmu, ya nufi katangar bayan shago.
Hinda, uwata. Ya ajiye ɗaya.
Rifka, ƙanwata, da cikinta. Ya ajiye biyu.
Mendel mai yin burodi. Mina, wadda ba ta fara makaranta ba.
Sha biyun suka ƙare, bakinsa bai rufe ba.
Na ɗauki kwano, na gangara rafin Subin.
Sau uku ina komawa.

Yau shagon katin waya ake sayarwa a ciki.
An shafe katangar da siminti tun ina da haƙora.
Jikokina na tambaya me ya sa, in za mu yi dara,
nake karya tsinke gida biyu, gajeru da dogaye,
alhali ga tsakuwa nan zube a ƙofar gida.
Nakan ce, haƙa gurbi, yaro,
rana na faɗuwa.