Injin Markaɗen Barmani

A Kusiri, daf da gadar Ngeli,
injina ya yi tari sau uku, ya ɗauke numfashi.
Kwanukan wake na jere a ƙasa,
ƙudaje sun riga masu su jin labari.

Tasalla mai ƙosai ta ce ni ce azzaluma,
markaɗen dala goma ya koma sha biyar.
Na ce je ki tambayi Jidda mai kwalabe.
Jidda ya rantse da kabarin uwarsa:
laifin ɗan duwan ne da ke tsare jarkoki.
Ɗan duwan ya zazzage aljihu,
wai an zaftare masa albashi tun kafin Sallah.
Ya ɗaga leɓe ya nuna sama.

Sama kuwa sai a rediyo take magana.
Wani mai murya kamar an shafa mata man shanu
ya ce banki ne ya rushe a bayan teku.
Ni da ban san gabas ɗin ƙasar ba!
Asusuna gwangwanin madara ne, ƙarƙashin gado,
ta yaya katangarsu ta faɗo kan turmina?

Da gangar mai ta hau, aka ce mu yi haƙuri,
kasuwar duniya ce.
Da ta faɗi, aka ce mu ɗaure ciki,
baitulmali ya bushe.
To, a wane farashi ake cin abinci?

Masu mulki sun ce na jiya ne suka cinye,
'yan adawa sun ce ga maiƙo a bakin na yau.
Kowa ya hau tudunsa yana hangen na wani,
mu muna kwari,
inda ruwan wankin hannunsu ke taruwa.

Ranar Laraba kwamiti ya zo duba halinmu,
farar mota huɗu, ba a kashe ko ɗaya ba
don kada sanyin ciki ya tsere.
Abin da suka ƙona suna yi mana jaje
ya ishi injina wata guda.

Da la'asar na jawo dutsen niƙan kakata
daga bayan ɗaki, na wanke masa kashin kaji.
Tasalla ta tsuguna, ta karɓe ni da na gaji,
ba ta ce yi haƙuri ba, ban nema ba.
Dutsen ba ya sauraron rediyo.
Kafaɗa kawai yake sha,
ita ma ban san ranar da za ta ƙara kuɗi ba.