Layi Na Goma Sha Bakwai

Ƙarfe ɗaya na dare a Aboabo,
ruwa na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Injin buga littafi ya yi shiru da warin tawadarsa.
Saura ni da baƙin allo,
da ɗan farin sandan nan mai ƙifta ido
yana jira in ce wani abu.

Nan ba hoto, ba abin dangwalawa.
Abin da ka rubuta shi za a yi maka,
ko da ba shi ne a ranka ba.

Littafin lissafin 'yan aji huɗu
dole ya hau inji kafin asuba,
sai ya toge a bakin ƙofa:
wai sai ya ga ƙa'idar da aka gina shi a kanta,
wai ƙa'idar tana can bayan teku,
a wani adireshi mai tsawon igiyar guga.
Ni kuwa data ta ƙare tun magariba,
kuɗinta na ci shinkafa da wake.

Domin irin wannan daren aka yi kundin.
Ɗan fayil ne, aikinsa ɗaya:
in baƙo ya zo da suna mai nisa
ya ce masa, ba sai ka ƙetare ruwa ba,
ga shi nan, ɗaki na uku, hannun hagu.

Haka kakana Baba Gariba ya yi wa fataken goro.
Mutum ya sauka Kumasi da suna kaɗai a baki,
tsoho ya ɗaga sanda ya nuna lungu.
Bai taɓa rubuta ko ɗaya ba.
Da ya rasu, mako guda baƙi na bulayi a zango.

Na ce wa allo: nuna.
Layuka suka zubo,
kowanne da bakin buɗewa da bakin rufewa.
Na bi su da farce.
Na goma sha bakwai ne ke aika baƙi
ɗakin Mutawakilu.

Shi ya kafa kundin.
Shi ya riƙe mini yatsa ranar farko:
Lantana, kwafi tukuna, kafin ki taɓa komai.
Bara hanyar Tamale ta karɓe shi.
Watan jiya mai shago ya ce faifai ya cika,
a rage kaya.
Ni na share ɗakin, da wannan hannun,
na manta akwai mai nuna ƙofarsa har yanzu.

Na yi kwafi tukuna.

Umarnin gogewa bai fi tari tsawo ba.
Na rubuta shi har ƙarshe,
ɗan sandan ya tsaya yana kallona,
ruwa ya tsagaita,
wani kare ya yi haushi wajen layin dogo.
Na ja baya, harafi harafi.

Sai na ƙara sabon layi:
suna mai nisa, ga masaukinka,
ba a ɗakina ba, a ɗakin kowa,
don wadda za ta zauna kujerar nan bayana
kada ta kwana neman Lantana.

Tsohon kuwa na lulluɓe shi
da alamar nan da inji ke tsallakewa,
ido kaɗai ke karantawa.
Na sa kwanan wata a ƙasa. Ban ƙara komai ba.

Na sake kiran littafin.
Allo bai ce uffan ba.
A sana'ar nan shiru shi ne madalla.

Shafi tamanin da huɗu suka jeru,
biyu sau biyu ya koma huɗu.
A tsallaken kwata Mma Zuwera ta fara hura wutar koko,
itacen jiƙaƙƙe ne, tana ta faɗa da shi.