Ruwan Ramin Kuza

Shekara sittin da huɗu ke nan.
Gwiwata ke riga kowa sanin damina,
tun kafin hadari ya leƙo ta bayan duwatsun Shere.
Da asuba nakan zauna bakin gado in jira ƙafafuna su farka,
kamar yadda nake jiran tsohuwar rediyo ta yi ɗumi
a shagona na Dilimi,
zamanin da idona ke gano waya mai kaurin gashi ba tabarau.

Ina da arba'in, lissafi ne abincina:
wane ya ɗora bene, wane ya sauke farali,
ni ina nan da hayaƙin dalma a hanci.
Shekara tara ban gaisa da ƙanena Shitu ba
a kan fili ƙafa hamsin a Rikkos.
Filin yana nan, ciyawa ta gaje shi.
Shitu yana hanyar Zariya, an yanka masa ƙafa shida,
bai yi gardama da kowa ba.

Da hamsin ta zo, tsoro ya kama haya a ƙirjina.
Kowane tari sammaci ne,
kowace sanarwar rasuwa sai na tambayi shekarun mamacin
in debe daga nawa.
Uwani ta ce, Malam, kana mutuwa kullum
don gudun mutuwar rana ɗaya.
Na yi fushi kwana biyu. Gaskiya ce ta sa.

Ban san ranar da ɗan hayar ya tashi ba.
Bai yi sallama ba, bai bar mabuɗi ba.

Ranar Asabar nakan hau keke Napep zuwa wajen Dalyop,
wanda muka yi firamare a benci ɗaya,
muka yi shekarun da ba ya shigowa unguwarmu, ba na shiga tasu.
Yanzu muna zama bakin tsohon ramin kuza a Rayfield,
ba mu cika magana ba.
Shi ya nuna mini da sandarsa:
an ƙwaƙule ƙasar nan, an kwashe abin da ke cikinta,
an bar ta da baki buɗe.
Ga shi ruwa ya taru a wurin,
ga kabeji, ga karas, ga yaro yana jan tiyo.
Na ce, to ai mu ne.
Ya ce, kai dai, ni har yanzu da sauran kuza a jikina.
Muka yi dariya har tari ya raba mu.

Sunaye suna zille mini yanzu.
Jiya na nemi sunan maƙwabcina, sai bayan la'asar ya dawo.
Amma ƙamshin gwaten da innata ke dafawa a Gangare
ko gishirinsa bai ɓace ba.

Jikata Ramlatu ta kawo wayarta da fasasshen gilashi,
ta ce, Kaka, yanzu ba a gyara, sabuwa ake saye.
Na karɓa duk da haka, na juya ta a tafin hannu.
Ban iya ba. Na faɗa mata ban iya ba,
kalmar da a da sai in kwana da yunwa ban furta ta ba.
Ta zauna kusa da ni tana nuna mini inda ake dannawa,
hannuna yana rawa, ta riƙe shi,
shayina ya huce a kan taga.