Baƙar Mota a Ebute Meta

Jatau ne ya kawo mini labari,
muna shan shayin safe a Agege:
wai akwai wata tsohuwa a Ebute Meta
mai son rabuwa da motar mijinta.

Ruwan sama ya tare mu a Mushin,
sai bayan azahar muka sami gidan,
can bayan layin dogo, inda tsofaffin taragu
ke kwance cikin ciyawa
kamar shanun da makiyayi ya manta.

Iya Morenike ta fito da makulli
ƙulle a bakin zaninta.
Ta ce, "Shekara goma sha tara
rabon da rana ta ga fuskarta."

Muka janye tamfol.
Kaza ta fito daga ƙarƙashi tana masifa.
Sai ga ta, baƙa wuluk, mai doron kunkuru,
rufaffiya ruf kamar adakar kaka,
fitilu biyu zuru-zuru a waje,
ga matakala a gefe, sai ka taka
kafin ka shiga cikin mutuncinta.

Jatau ba ruwansa da kyau.
Ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙasa da tocila a baki,
ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can,
tsatsa na zubo masa a gemu.
"Iskar teku ta cinye gindin ƙofa,
gishiri ba ya tausayin ƙarfe.
Inji ya daskare, lagireto ya huje,
tayoyi huɗu duk sun durƙusa.
Ƙashin bayan dai da sauransa.
Mantau, ka karya kuɗi ko mu kama hanya,
ba ka ga ɓera ya yi aure a kujerarta?"

Ni kuwa na buɗe ƙofar baya.
Warin tsohuwar fata da katako
ya mai da ni ɗan shekara bakwai
a Ikoyi, da bokiti da tsumma.
Irinta babana ya tuƙa wa manajan kamfani,
shekara ashirin cikin farar riga mai sitaci,
ni ke wanke tayoyi ran Asabar.
Wannan kujera ta baya mai laushi,
har ya koma ga Allah
ta madubi kaɗai ya santa.

Ta yi kuɗi, na taya, ta ce albarka
da Hausar da ta tsinta a kasuwar Oyingbo.
Na ƙara. Jatau ya taka mini ƙafa.
Na ƙara.
Can ta ce, "Ba kuɗin ba ne, ɗana.
'Yan Ladipo sun zo har sau uku,
na ga guduma a idanunsu.
Rantse mini ba za ka bari
a yi watanda da naman jikinta."

Na rantse. Ta sallama.
Ta miƙo takardu sun yi ja kamar busasshen goro,
ta kwance makullin da haƙori,
ko kuɗin ba ta ƙirga ba.
Ta shige ɗaki, ba ta waiwayo ba,
labule kawai na ga yana motsi a tagarta.

Da magariba janwe ya ɗaura mata igiya.
Jatau ya kama sitiyari,
ni na hakimce a baya, wurin manaja.
Cunkoso ya riƙe mu a Oshodi,
'yan danfo na leƙe suna shewa,
wani yaro mai tallar ruwa ya ƙame ya sara mini.

Na ɗaga kai na dubi madubin gaba,
ya yi dishi-dishi, tsufa ya cinye gefensa.
Ban san sa'ar da na matsa ba,
na bar kujerar babu kowa.
Jatau ya ce, "Ƙusa ce ta soke ka?"
Na ce, "A'a. Riƙe da kyau,
akwai dattijo a ciki yau,
kada ka girgiza ta."