Ramin Kunne

Mu shida ne a ɗakin, can bayan Bab Makka,
katifa na gogar katifa,
wanda ya yi tari ya tashi mutum biyar.
Ni direba ne, sai sha ɗaya nake dawowa
da warin dizal a wuyan riga.

A gwanjo na saye ta, riyal ɗari uku,
kwamfuta mai tabon wuta a murfi.
A cikinta na zuba muryar Baba,
awa biyu da ƙanena Tanimu ya ɗauka
daminar da ya kwanta dama:
iyakar gona, sunayen rijiyoyi,
da wani jaki da har ya bar duniya bai yafe wa ba.

Daren farko na ja bargo,
na soka iyafis a raminsa.
Ɗif.
Ba sallama, ba ban kwana.
Allo ya yi baƙi kamar gindin tukunya,
fanka ta ja numfashi ɗaya ta saki.

Na ce batir ne. Na jona caja. Ɗif.
Na ce iyafis ɗin ne, ɗan riyal biyar,
na zaro na Barau yana barci,
mai tsada, mai soso. Ɗif.
Na soka tun tana kashe, sannan na kunna,
ta ƙi ko buɗe ido.
Na zare, ta tashi garau
kamar yaron da aka ce wa yau ba makaranta.

Wani ya ce cuta ce ta shige ta, a wanke.
Na kwashe Baba a filashi, na rataya a wuya,
aka wanke ta tas, aka sake zuba mata hankali.
Ɗif.
Gambo ya ce aljanin mai ita na farko ne.
Na hura ramin, na sa tsinken sakace,
ban fito da komai ba sai haushi.

Dare na tara na gaji.
Na rage sauti, na kunna a fili.
Baba ya yi gyaran murya a Jidda,
garin da bai taɓa takawa ba.
"Daga tsamiyar nan zuwa shurin gara..."
Barau ya juyo. Gambo ya bar minshari.
Da aka zo kan jakin
wani a duhu ya yi dariya har ya ƙware,
har yau ban san ko wane ne ba.

Ran Juma'a bayan la'asar
na kai ta wurin Usta Jibir, ɗan Mai Wurno,
mai Hausa da Larabci a gefen baki.
Bai ko kunna ta ba.
Sukurori tara ya jera a farantin shayi,
ya ɗaga bayanta, ya ɗora tabarau kan tabarau.
"Ya zol, leƙa nan."
Cikin ramin wani ɗan harshen ƙarfe
ya lanƙwashe, ya yi kore da raɓar teku.
In fil ya shiga sai ya tura shi
ya taɓa hanyar da wuta ke bi,
ita kuwa, gudun kada ta ƙone,
sai ta ɗauke numfashi.
"Ba ƙeta ba ce," in ji shi. "Tsoro ne."

Ya cire, ya ɗaura sabo da dalma,
hayaƙi siriri ya tashi tsakaninmu.
Riyal ashirin, kuma shi ya biya shayin.

Da dare na soka. Allo ko gezau.
Baba ya shigo kunnena, ni kaɗai,
kusa ƙwarai, har da wata kaza a bayansa
da ban taɓa ji ba,
da ƙarar kujerarsa mai gajeriyar ƙafa.
Na rufe ido.

Sai aka taɓa yatsan ƙafata.
Barau ne, ya tokare da gwiwar hannu,
sauran huɗun duk idonsu biyu.
"Sallau, cire abin nan mana.
Jiya a rijiya ta uku muka tsaya."